Wa Zai Dasa Itace a Kambo?

A ƙauyukan Hausawa da ke jere a gaɓar Shuɗin Nilu, kogi ne yake raba wa mutane shekara, tun kafin kalandar bango ta shigo gidaje. Da an shiga watan Yuli sai ruwan ya sauya kama, ya yi ja, ya yi kauri, ya taho da kututturan da ya tumɓuko daga duwatsun Habasha. A Agusta ya cika ya tumbatsa, ya hau gaɓa, ya malale kwaruruka. Daga ƙarshen Satumba ya fara ja da baya, yana barin baƙar laka mai santsi a kan gangaren da muke kira jarf. Wannan laka ita ce jarin talaka. Ba huɗa, ba taki, ba ban ruwa. Mutum ya ɗauki salluka, sandar nan mai wurin taka ƙafa, ruwa yana janyewa shi kuma yana binsa da iri: masara daga sama, wake da kuɓewa a tsakiya, kabewa da kankana can ƙasa inda lema ta fi daɗewa. A gefe guda masu tubali suna kwasar tasu lakar, su cakuɗa ta da kashin shanu, su shanya, su jera kamina su gasa, kuma da wannan jan tubali aka gina gidajen Wad Madani da Sinnar. Kowace damina kogi yana mayar da abin da aka ɗiba. Babu wanda ya taɓa zama ya lissafa kuɗin wannan kyauta, sai yanzu da ta fara yankewa ake sayen madadinta a buhu.

Na tashi a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka, tsakanin Sinnar da Wad Madani, kogi a gabas, gonakin Jazira a yamma. Idan na bi sauye-sauyen da ƙasar nan ta gani ɗaya bayan ɗaya, kusan kowanne a wani wuri mai nisa aka yanke shi: Landan, Khartum, Alƙahira, Addis Ababa. Waɗanda hannunsu ke cikin laka sai dai su wayi gari su ga abin ya iso ƙofar gida.

Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su. Wasu sun taso daga Kano da Katsina da Damagaram da niyyar hajji a ƙafa, suna tafe suna yada zango suna noma don neman guzuri, har zangon ya zama gari. Wasu kuma hijira suka yo bayan Turawa sun ci Sakkwato. Da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, ya kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar a 1906. Suna tsammanin sun baro Nasara a baya, sai suka tarar da shi a gaba yana auna kogi.

Abin da Ingila ke so auduga ce mai dogon zare, don masaƙun Lancashire. Ƙasar Jazira da ke tsakanin Nilu biyu kuwa ta dace da hakan: baƙar laka ce mai riƙe ruwa, shimfiɗaɗɗiya, mai ɗan gangare kaɗan, ta yadda ruwa zai bi ta da ƙafarsa ba sai da inji ba. Aka gama madatsar Sinnar a 1925. Aka ja babbar tur'a, wato magudanar ruwa, daga ita aka fitar da ƙanana, daga ƙanana zuwa abu ishirin, daga nan zuwa abu sitta da ke shiga cikin gona. Da aka ƙara yankin Managil daga ƙarshen shekarun 1950, gandun ya haura fadan miliyan 2, ya shiga sahun gonakin ban ruwa mafi girma a duniya da ke ƙarƙashin hukuma guda. An ba kowane manomi hawasha, wato yankin gonarsa, amma ba shi ke da ta cewa a kanta ba. Mufattish, jami'in gandun, shi ne ke faɗin ranar shuka da ranar ban ruwa da ranar tuge kara. A farko manomi yana da kashi 40 cikin 100 na kuɗin auduga, sauran na gwamnati da kamfanin da ke gudanar da gandun.

Auduga tana cin hannu, musamman lokacin tsinka. Masu hawasha da iyalansu ba su isa ba, sai aka buɗe ƙofa ga mutanen yamma: 'yan Darfur da Kurdufan da Chadi, da Hausawa da Fulani da Barebari. Aka zaunar da su a kambo, 'yan bukkoki a bakin tur'a, a kan filin da ba nasu ba, da sunan zaman wucin gadi. Wucin gadin nan yau yana neman shekara ɗari.

Gandun bai cika shekara goma ba ƙasa ta fara rama wa kanta. A farkon shekarun 1930 cututtuka biyu, ɗaya mai baƙanta kara, ɗaya mai nannaɗe ganye, suka afka wa auduga a daidai lokacin da farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Masu hawasha da dama suka watsar suka kama gabansu, mutanen yamma suka karɓi wasu daga cikin gonakin, suka riƙe su a shekarun da babu mai so. Turawan kuma, a nan dai a yaba musu, sun ji gargaɗin. Suka tsawaita juyin shuka, suka bar kusan rabin ƙasar tana hutawa a matsayin saura, suka tilasta a tuge karan auduga a ƙone don kada cuta ta kwana a gona. Amma da kasuwa ta farfaɗo, hawasha ta sake daraja, sai aka tuna cewa waɗannan mutane baƙi ne. Dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun nemi mutum ya nuna kakanninsa suna ƙasar tun kafin 1898. Wanda kakansa ya iso bayan Burmi ya makara da 'yan shekaru, kuma jikokinsa sun daɗe suna biyan kuɗin wannan makara.

Akwai wani kawuna da ya yi rayuwarsa kaf a wani kambo wajen Managil. Na je masa hutu ina yaro. Da rana tsaka babu inuwar fakewa sai ta rumfar kara, ga kuma ruwa yana wucewa a ƙofar gida. Na ce, “Kawu, me ya hana ku dasa ko da dogon yaro ne?” Ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, ranar da aka ce mu tashi, a ka zan ɗauki itacen? In kuma ya girma, mai hawasha zai ce tsuntsaye nake tara masa a kan dawa.” A nan aka haifi 'ya'yansa, a nan ya tsufa. Ba a taɓa tashinsu ba, ba a kuma taɓa ce musu su zauna ba.

Sai zamanin feshi. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara fesa DDT a Jazira saboda wani ɗan ƙwaro mai tsotse ganyen auduga. Da farko sau ɗaya a shekara ya wadatar, amfani ya ƙaru, kowa ya ce an samu lafiya. Sai dai magani ba ya tambayar ƙwaro ko maɓarnaci ne ko mataimaki. Ya kashe mai cin auduga, ya haɗa da gizo-gizo da ƙananan zanzaro da sauran masu farautar maɓarnatan. Da gona ta zama babu mai gadi, tsutsar ƙwallon auduga ta samu sarari. Aka kawo magani mafi ƙarfi dominta, sai farin ƙuda, wanda a da ba a ko kula shi, ya zama shi ne babban bala'i. Kafin ƙarshen shekarun 1970 feshi ya kai sau 8 a kaka guda a wasu shekarun, da jiragen sama, kuma akwai lokacin da kamfanin da ke sayar da maganin shi ne ke riƙe da kwangilar yanke ranar fesawa. Farin ƙuda yana barin wani danƙo a kan zaren, har audugar Sudan ta yi ƙaurin suna a masaƙu, farashinta ya sauka. Kuɗin magani yana hawa, amfanin gona yana raguwa, kuma daga asusun auduga ake cire kuɗin kafin manomi ya ga ko sisi.

Mu yara murna muke yi da jirgin. Yana saukowa ƙasa-ƙasa har kana hango kan matuƙin, mu bi shi da gudu muna ɗaga hannu, raɓar tana sauka mana a ka. Bayan kwana ɗaya ko biyu kifi ya taso a tur'a ciki sama. Iyaye mata su hana a taɓa, wasu gidajen kuma a soya. Manyan ƙauyukan masu hawasha suna da rijiyar burtsatse da tanki. Mutanen kambo daga tur'ar nan suke sha, a nan suke wanka da wanki, a nan jaki yake sa baki. Gangunan maganin da suka ƙare ma ba a yar da su, a ɗauraye a mayar da su na ajiyar ruwa.

Ruwan da ke kwance wata da watanni ya zo da nasa baƙin. Sauro ya daina tafiya da rani. Katantanwa mai ɗauke da tsargiya ta cika ciyawar tur'a, har yaro ya yi fitsarin jini a ɗauka ba komai ba ne, kowa ma ya yi. Abin takaicin shi ne sauron ya sha maganin auduga tun yana tsutsa a cikin ruwa har ya saba da shi, ta yadda da ma'aikatan lafiya suka zo fesa ɗakuna sai suka tarar maganinsu ba ya kama shi. A 1979 aka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya yi kimanin shekara goma yana aiki, zazzaɓi da tsargiya suka ragu ƙwarai. Da kuɗin waje ya ƙare shirin ya tsaya, zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa. A wannan shekara dai ta 1979 masanan tashar binciken noma ta Wad Madani, da taimakon Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fara gwada rage feshi a bar ƙwari masu amfani su yi aikinsu, suka kuma nuna cewa ana iya ragewa ba tare da an yi asarar auduga ba. Ilimin yana nan tun lokacin. Mai sayar da magani ne ya fi mai bincike yawan zuwa ƙauye.

Saurar da Turawa suka bari ita ma ba ta tsira ba. Bayan an gama madatsar Rusairis a 1966 ruwa ya ƙaru, a shekarun 1970 aka faɗaɗa noman alkama da gyaɗa cikin juyin shuka, da burin Sudan ta zama rumbun abincin ƙasashen Larabawa. Gyaɗa da dawa suna son ruwa da wuri, a Yuli da Agusta, lokacin da kogi ya fi ɗaukar laka. Lakar da ke raya jarf kuwa a cikin tur'a annoba ce. Ta kwanta, ciyawa ta tsiro a kanta, ruwa ya kasa kaiwa ƙarshen layi. Tafkin Sinnar kansa laka ta cinye fiye da rabin cikinsa. Yashe magudanai ya zama aikin da ya fi cin kuɗi, kuma duk shekarar da hukuma ta gaza, manomin da ke wutsiyar tur'a ya zauna yana kallon dawarsa tana bushewa alhali na sama da shi ruwa ya yi masa yawa. Dokar Jazira ta 2005 ta ce kowa ya shuka abin da ya ga dama, manoma su kula da ƙananan magudanai da kansu. 'Yanci ne, babu musu, kuma manoma sun daɗe suna nemansa. Amma tsarin da aka gina don amfani iri ɗaya a lokaci ɗaya bai iya ɗaukar buƙata dubu ba. Aka sallami ma'aikata, aka rabu da injinan gurzar auduga da ƙaramin layin dogon gandun. Mai ƙarfi ya kafa famfo ya zuƙe, mara ƙarfi ya jira.

Kudu da Sinnar, inda ruwan sama ke isa noma, labarin na tarakta ne. An fara noman inji a wajen Gadarif tun shekarun 1940, a 1968 aka kafa masa hukuma, a 1970 kuma doka ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce. Kusan duk ƙasar ƙauye ke nan, domin wane baƙauye ne ya taɓa yi wa gonar kakansa rajista? Aka yanka filaye fadan dubu-dubu aka ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da tsofaffin hafsoshi, a Dali da Mazmum da Agadi da sauransu. A share dajin talha da dakwara da aduwa, a noma dawa da riɗi 'yan shekaru, ƙasa ta gaji, ƙuduji ya cika ta, a matsa gaba a share wani dajin. Burtalin makiyaya ya toshe. Mai tsagar dakwara ya rasa itacen da zai ɗebi ƙaro. Dokar gandun daji ta 1989 ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina da kashi 5 na gonar ban ruwa ga itatuwa. Wanda ya bi hanyar Sinja zuwa Damazin ya duba dama da hagu zai ga yadda aka bi da ita.

Kada a ce na wanke namu. Hausawa suna cikin masu sare itace su ƙona gawayin da ake lodawa a manyan motoci zuwa Khartum. Masuntanmu, waɗanda suka yi suna a tafkin Sinnar da na Rusairis, da giwan ruwa da manyan karfasa suka yi ƙaranci sai wasunsu suka koma raga mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Lambunan ayaba da mangwaro sun ci wani yanki na dajin bakin kogi. Duk mun yi. Amma a duba wa ke riƙe da gatari, wa kuma ke da motar. Mai gatarin ɗan ƙwadago ne da ba shi da tabbacin baɗi zai same shi a wurin, kuma mutum irin wannan lissafinsa ba ya wuce kasuwar Juma'a mai zuwa.

A 2013 aka kammala ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10. Tafkin ya faɗaɗa, ƙauyuka da jarf da lambuna suka nutse, aka kwashe dubban gidaje zuwa sababbin garuruwan da lamba ce sunansu, gari na uku, gari na shida, gari na bakwai. Mutanen da a da kowa ke da nasa gefen kogi aka jera su layi-layi, filin noma kuma bai kai na da ba. A Yulin 2022 Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu. Wasu daga cikin ƙabilun yankin, Barta da Hamaj da Funj, suka ce sarauta da ƙasa take tafiya, baƙo kuwa ba shi da ƙasa. Rikici ya ɓarke a Gaisan da Rusairis, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, a cikin garuruwan lambar nan. Ɗaruruwa suka mutu, dubun-dubata suka bar gidajensu. 'Yan siyasa sun hura wutar, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waɗanda suka kashe junan nan duk talakawa ne da tarakta ta matso daga baya, tafki ya matso daga gaba. Su ma Barta an ƙwace musu daji da dokar 1970. Babu wanda ya je ya tambayi mai fadan dubu takardar kakansa.

Yanzu kuma ga babbar madatsar Habasha, can sama da Rusairis kusa da iyaka. An fara gina ta a 2011, aka fara tara ruwa a 2020, aka buɗe ta a Satumban 2025. Tana ɗaukar ruwa mita kubik biliyan 74, fiye da abin da Shuɗin Nilu ke kawowa a shekara guda. Ba na cikin masu zaginta. Habasha tana da miliyoyin mutane da ba su san wutar lantarki a gidajensu ba, kuma yarjejeniyar 1959 da ta ba Masar biliyan 55.5 ta ba Sudan biliyan 18.5 ba ta ware mata ko ɗigo ba, alhali daga duwatsunta mafi yawan ruwan ke fitowa. Injiniyoyin ban ruwa na Sudan da dama suna ganin alheri a ciki: laka za ta kwanta can sama, tur'a ta huta, ruwa ya daidaita rani da damina. A tarurrukan duniya kuma wutar ruwa tsabtatacciya ce, ba ta hayaƙi. Duk gaskiya ne. Sai dai lakar da za ta kwanta can ita ce takin jarf, ita ce tubalin kamina. Ambaliyar da aka daidaita kuma ita ke shayar da dazukan gabaruwa na kwaruruka tsakanin Rusairis da Sinnar, waɗanda da katakonsu aka yi wa layin dogon Sudan matashi. Gabaruwar nan tana son ta tsaya cikin ruwa na 'yan watanni sannan ya janye ya bar ta. In bai zo ba ta bushe, in ya zo ya ƙi tafiya ta ruɓe. Mutanen Haɗeja da Nguru, da suka ga abin da ya biyo bayan gina madatsar Tiga a 1974, fadama ta ƙanƙance kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Har yau ƙasashen uku ba su da yarjejeniya mai ɗaure kowa kan yadda za a riƙa sakin ruwan, ban da sanarwar manufa da suka sa wa hannu a Khartum a 2015. Mai jarf bai san ranar da ruwa zai hau shukarsa ba sai in wani ɗan'uwa daga Damazin ya bugo masa waya.

A kan duk wannan ne sauyin yanayi ya zo ya zauna. Farin 1984 ya koro mutane da dabbobi daga yamma zuwa bakin kogi, ambaliyar 1988 da ta 2020 suka rushe gidajen ƙasa ba adadi. Sanyin hunturu da alkama ke buƙata a Jazira dama gajere ne, in ya ƙara gajarta ƙwaya ba ta cika. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, rabon ɗan kambo a ciki kuwa bai wuce na murhunsa ba. An yi taron Rio a 1992, an yi na Paris a 2015, an yi na Sharm el-Sheikh a 2022 inda aka amince da asusun biyan asarar ƙasashe matalauta. Ba na raina waɗannan tarurruka, domin babu wani wurin da za a tsayar da masu manyan masana'antu a yi musu tambaya in ba can ba. Damuwata hanyar da taimakon ke bi. Daga asusu zuwa gwamnati, daga gwamnati zuwa hukuma, daga hukuma zuwa ga wanda sunansa ke cikin rajista. A Jazira mai rajista shi ne mai hawasha. Wanda ya yi sharaka da shi, ya shuka, ya nome, ya sha feshi, ya raba amfanin biyu, ba ya cikin littafin kowa.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF a Afrilun 2023 ya tone wannan duka. A Disambar shekarar dakarun RSF suka kama Wad Madani. Gas ɗin girki ya yanke, gatari ya shiga abin da ya rage na itatuwa. Aka wawashe rumbun adana iri na ƙasa da ke tashar bincike, inda aka tara dubban nau'o'in dawa da gero da riɗi da manoman Sudan suka zaɓa tsawon ƙarnuka, har da masu jure fari da zafi waɗanda duniya mai ɗumama za ta nema. Ma'aikatan suka ceto abin da suka iya, a Fabrairun 2025 aka kai wani kaso rumbun iri na duniya da ke Svalbard a ƙasar Norway, cikin dutse mai ƙanƙara. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi. Wata guda kafin nan, lokacin da soja ke komawa Wad Madani, an kai hare-hare kan wasu kanabi (jam'in kambo) bisa zargin sun goyi bayan ɗaya ɓangaren, aka kashe mutane a Kambo Tayba aka ƙona bukkoki. Iri ya samu mafaka a ƙarshen duniya, masu shuka shi ba su samu ba a inda aka haife su.

Ina yawan tuna Maraɗi idan ana wannan magana. Bayan farin shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka fara barin kututturan gawo da kalgo da sabara su tofo a cikin gonakinsu. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran, a kare su daga awaki. Ba gandun dashe, ba tankar ruwa. Yau ana ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya da kimanin hekta miliyan 5. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne lokacin da manomi ya tabbatar itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji da zai zo ya ci shi tara ba. Hausawa ne su ma, harshe ɗaya, addini ɗaya, kuma ƙasarsu ba ta da kogi da tur'a irin tamu. Don haka idan aka ce mutanenmu na Jazira ba su damu da itace ba, ba na karɓa.

Abin da mutanen kanabi ke nema tun kafin yaƙi ba shi da yawa: filin zama mai takarda, ruwan famfo, makaranta, ɗakin shan magani. Yanzu ana maganar sake gina Jazira, a yashe magudanai, a gyara ƙofofin ruwa, a kawo famfo mai aiki da hasken rana da irin alkama mai jure zafi. Duk ana buƙatarsu. In kuma za a cika kashi 5 ɗin nan da dokar 1989 ta ware wa itatuwa, fadan dubu 100 ke nan a wannan gandu kaɗai. Wani ne zai haƙa ramukan, ya kai ruwa, ya yi shinge, ya yi ta korar awaki shekara biyu ko uku kafin dashen ya fi ƙarfin baki. Masu hawasha da yawa sun koma birni, 'ya'yansu suna Khartum ko Saudiyya. Wanda ke kwana a bakin tur'a shi ne ɗan kambo, kuma har yau filin da bukkarsa take a kai ba a rubuta shi da sunansa ba.